Mijinyawa Mai Tiya da Ranar Zaman Ƙofa a Seoul

Idan ka tare Mijinyawa a hanya ka tambaye shi yau wace rana ce, ba zai ce maka Lahadi ba. Zai ce, "Yau Kornaka ke ci." Juma'a kuwa Dakoro ce, gida, ranar da yake sallah da farar riga sannan ya koma cikin ƙaiƙayin hatsi. Sauran ranakun ma kowace da garinta, Ajekoriya da ƙananan kasuwannin da mota ke kai mutum da ƙyar. Haka ya san mako tun yana saurayi: zobe ne na garuruwa, shi kuma yana zagaya shi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, bisa buhuna, iska na kaɗa masa riga.

An haife shi a wata 'yar tunga ta ƙasar Rumbu, bayan 'yan mata sun cika ɗakin uwarsa, shi ya sa aka yi masa wannan suna. Shekarar da damina ta yi musu rowa mutanen tungar suka watse, ya shigo Dakoro da ƙafa, ba shi da komai sai riga ɗaya da ƙarfin wuya. Ya yi dako har wani attajirin hatsi ya lura saurayin ba ya tsoma hannu a buhun da ba nasa ba, ya miƙa masa tiya, kwanon nan da ake auna gero da shi. Daga nan ya zama mai awo. Ya iya tsayar da gero a kan tiya ya yi tozo, bai zube ba, bai rage ba, mai saye da mai sayarwa su rabu ba wanda ya harari wani. A wannan aiki gemunsa ya yi fari.

Mutum ne da zama ba ya karɓarsa. Ko tuwo a tsugune yake ci, kamar wanda mota ke jira. Amma akwai zama guda da ya iya fiye da kowa. Duk kasuwar da bai taɓa ci ba, ba ya kwance buhu a zuwan farko. Sai ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa a ƙofar gidan wanda zai sauke shi, ya zauna tun hantsi har la'asar yana kallon masu wucewa. Girman gidan ba ya damunsa. Abin da yake dubawa shi ne wa ke gaida mai gidan, da yadda ake gaishe shi: ana rage tafiya, ana tambayar iyali, ko kuwa ana wucewa kamar ƙofar kango. In ya ga ana wucewa, sai ya naɗe tabarmarsa ya nemi wani masauki, ko da an riga an yanka masa kaza. Da wannan zama ya san garuruwa, kuma bai taɓa barin hatsin mutane a gidan da bai wuni a ƙofarsa ba.

Bara waccan gwiwa ta ce ta gaji. Ya sauko daga kamiyo a Kornaka, ƙafar dama ta ƙi ɗaukarsa. Likita ya hana shi hawan buhuna. Babban ɗansa Ɗayyabu ya karɓi awon, shi kuma ya dawo gida da tsohuwar tiyarsa wadda ta lotse a baki. Tun daga nan gidan ya yi masa kaɗan. Sai ya tashi ya kwance akuya daga wannan turke ya ɗaure a wancan. Ya leƙa randa. Ya fita ƙofar gida, ya jiyo kukan kamiyo daga wajen tasha, ya tsaya yana saurare har kukan ya nutse a cikin daji, ya dawo ya mayar da akuyar inda take.

"Malam," in ji matarsa Kyauta, "akuyar nan za ta kai ƙararka. Ka bar ta ta san gidanta."

Autarsu Lailatu ita ce ta yi nisan da shi bai taɓa yi ba. Daga lakwal, makarantar boko ta Dakoro, ta wuce Maraɗi, daga Maraɗi Yamai, daga Yamai aka ba ta bursu, kuɗin karatu, ta tafi Koriya ta Kudu karatun irin shuka. Shekara uku tana Seoul, babban birninsu. Muryarta ce kawai ke zuwa gida ta salular Kyauta, da hotunan da Mijinyawa ke kangewa da tafin hannu don ya gani sosai. Da damina ta tsaya a bana, Lailatu ta kira da safe, lokacin da can wajensu rana ta riga ta yi sanyi.

"Baba, na gama. Mutanen labo, ɗakin binciken da nake aiki, sun ce in zauna tare da su 'yan shekaru. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Na ce sai Babana ya yarda. Suna son amsa kafin shekara ta fita." Ta ɗan tsaya. "Ka zo ka ga garin da idonka, sannan ka yanke. Na yi tanadin tahiyar, Yaya Ɗayyabu zai bi takardu. Kwanaki kaɗan ne, ba su cika mako ba. Da kai da Inna."

"Ni da motar Maraɗi ke sa ni amai?" in ji Kyauta. "Ɗauki ubanki, ko na samu in huta."

Mijinyawa ya ce Allah Ya kai mu. Amma a makon nan ya sa aka yaɓe ɗakin Lailatu, aka sake masa ƙyaure. Ya riga ya san amsar da zai ba ta. So yake ya je ya samo dalilin da ba za ta iya musu da shi ba, ya riƙo hannunta su dawo.

Aka sa tafiyar bayan girbi. Takardu suka shiga yawo, faspor daga Yamai, biza daga inda ake ba da ita, shi kuma da Lailatu suka shiga tsara kwanakin. Kullum da hantsi sai ya fito gindin bedin da ke tsakar gida, Kyauta ta riƙe masa salula, ya share rairayi da tafin hannu ya zana da'irori da sandarsa, kowace da'ira yini guda.

"Ran Lahadi fadar tsofaffin sarakunansu," in ji Lailatu. "Akwai masu gadi da riguna ja da shuɗi, suna sauya juna da ganguna."

"Ranar Kornaka ke nan." Ya soka sanda a da'irar. "Sarkin shina ciki? Sai an tahi da goro?"

"Babu sarki yanzu, Baba. Gidan kawai ake kallo."

"A shiga gidan mutum ba shi nan, a yi ta kallo. To."

Ta ce ran Juma'a za su hau tudun da babban masallacin garin yake, ya ce madalla, ranar Dakoro ta samu wurinta. Ta ce akwai dutse a tsakiyar birnin, Namsan, da doguwar hasumiya a kansa, ana hawa a cikin akwatin ƙarfe da ke rataye a igiya, daga can mutum ya ga garin duka a ƙarƙashin ƙafarsa. Ta ce akwai kogin Han, wanda gulbin Maraɗi a ranar da ya fi cika ba zai kai masa ko gwiwa ba. Akwai tsohuwar unguwa mai rufin gasasshiyar laka da ke lanƙwashe a baki kamar ƙahon sa. Kuma lokacin da zai zo ganyen itatuwa ke yin ja da rawaya, kamar marina sun bi dare sun zuba musu rini.

"Kasuwar tasu wace rana take ci?"

"Kullum, Baba."

"Kullum? To yaushe suke zuwa ta maƙwabta?"

Kyauta ta yi dariya har salular ta karkace, sai sama da ganyen bedi Lailatu ke gani. Da ta gyara, Lailatu ta ce ita dai fadar ran Talata a rufe take. Mijinyawa ya ce alhamdu lillahi, ashe akwai mai hankali a garin.

Bai so ba, amma garin ya shige shi. Sai ya tayar da sallah akwatin nan mai igiya ya zo ya rataye a gabansa, ya yi a'uziyya ya sake niyya. Ya je wurin tela aka ɗinka masa rigar sanyi mai kauri, ya sa ta a zafin azahar don ya ji nauyinta. Ya rinƙa hawa da saukar matakalar masallaci yana lallashin gwiwarsa, tunda Lailatu ta ce jirgin ƙasansu a ƙarƙashin ƙasa yake gudu, sai an sauka an hau. Tasha kuwa ya je ta fi a ƙirga yana tambayar yadda hanyar Yamai take, har direbobi suka fara gaishe shi da "Baba, har yanzu tana nan inda ka bar ta jiya."

Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ratsa kasuwa zuwa rumfar Rhissa, Buzu mai sayar da kayan fata, wanda suka daɗe suna zagin juna a kan shayi.

"Mai tiya! An ce za ka ƙasar da rana ke fitowa. Ka ce mata ta rage wuta kafin ta iso nan." Rhissa ya laluba ƙarƙashin buzunsa ya ciro ƙunshin cuku. "Ungo. Ɗan ƙanwata na Sin, yana sayen kayan salula. Ka miƙa masa."

"Koriya za ni, mai raƙumi, ba Sin ba."

"Ba duk gabas ba ne? In ka sauka ka tambaya a tasha. Dogo ne, kowa ya san shi."

Mijinyawa ya karɓi cukun, don an fi saurin gamawa da Rhissa ta haka. Sannan ya share ƙasa a bakin rumfar ya zana masa da'irorin, yana nuna masa da alfahari: ga fada, ga masallaci, ga kogi, ga akwatin igiya. Rhissa ya ɗaga buta sama yana zuba shayi, kumfa na tashi a ƙaramin kofi, idonsa na kan zanen.

"Duk sun cika," in ji shi. "To ina tabarma?"

"Wace tabarma?"

"Kai da ka wuni a ƙofar mutum a Ajekoriya saboda buhun wake, har na zaci bashi kake binsa. Yanzu ɗiya guda za ka je ka duba, ba ka ware ranar zama ƙofarta ba? Tsufa ne ko rigar sanyin ce ta toshe maka kai?"

Mijinyawa ya ajiye kofin. Hasumiya da kogi sun ɗauke masa hankali har ya manta da abin da ya iya. Ya tashi bai jira kofi na biyu ba, Rhissa na kiransa yana cewa an ga marar tarbiyya.

Washegari ya gaya wa Lailatu. Yini guda yake so, fanko, ba fada ba kogi. Zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan da take, ya ga masu gaishe ta.

"To, Baba, mu gani," in ji ta.

Da ta sake kira sai ta zo da gidan kifaye, inda mutum ke tafiya cikin gilashi ruwa na bisa kansa. Ya ce ranar zama fa? Ta ce tana dubawa. Kira na gaba ta zo da wata 'yar ƙorama da ke ratsa tsakiyar birni, an jera mata fitilu. Na gaba kuma katangar tsohon gari da ke bin duwatsu. Maganarta ta yi sauri, dariyarta ta yi yawa. Mijinyawa ya san wannan hannun. Ya sha ganin masu kawo hatsi suna zuba tsaba mai kyau a bakin buhu, suna ta ja maka hira don kada ka zura hannu ƙasa. Sai dai waɗancan wayo ne ke sa su. Wannan ɗiyarsa ce, kuma tsoro yake ji a muryarta.

Ya kasa zama, ya kasa tafiya. Da'irorin suka cushe da ramukan sanda har ba a gane su. Kaji suka tone su, ya kore su da zagi, ya sake zanawa. Ya fita bayan gari inda gero ya sunkuyar da kai yana jiran magirbi, ya murza zangarniya a tafin hannu, ya hura, ya zubar, ya dawo. Ya shiga ɗakin da aka yaɓe ya tsaya yana shaƙar ƙamshin sabuwar ƙasa.

Kyauta na ɓarar gyaɗa a bakin madafi, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, kallon gari za ka, ko kamo ta za ka?"

"Wa ya ce miki kamo ta za ni?"

"Ɗakin da ka yaɓe, baƙo za mu yi?" Ta watsa ɓawo gefe. "Ni na haife ta, na fi ka son in ji motsinta a gidan nan. Amma ƙafarka ta ɗauko. Kai da aka ɗaure ka wuri guda ka ga yadda ka koma. Tambayi akuya."

Da Lailatu ta kira, bai bari ta fara lissafa wani sabon wuri ba.

"Auta, ranar zama."

Maganarta ta fito a dunƙule. "Baba, nan ba a zaman ƙofa. Gidan bene ne, mutanen ciki sun fi na unguwarmu yawa, kowa ya shiga ya ja ƙofarsa. In ka zauna ƙasa za su ce ba ka da lahiya, ko su kira polis."

"Su kira. In babu ranar zama, ba ni hawa jirgi."

Salular ta yi shiru kwanaki. A cikin kwanakin aka fara girbi, amalanken shanu suka rinƙa shigowa gari da dammuna, ƙamshin sabon gero ya cika lunguna, kamiyoyi na ta kuka a tasha. Ɗayyabu ya kawo faspor da bizar a ciki, Mijinyawa ya juya shi gaba da baya ya cusa a ƙarƙashin matashi. Rigar sanyin na rataye a ƙusa kamar wani baƙo da ba a san abin da za a ce masa ba.

Ranar da Kornaka ke ci, da sanyin safiya, salular ta yi ƙara. Kiran da ake ganin fuska ne. Lailatu na waje, lulluɓe da mayafi, bayanta wata ƙofar gilashi.

"Baba, ga ƙofar. Zan zauna, ka kalla daga nan. In ka ga abin da za ka gani, sai ka yanke, kada ka sha wahalar tahiya a banza."

Ta jingina salularta da jaka, ta zauna a kan matakalar dutse. Mijinyawa ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa a gindin bedi, ya kife tsohuwar tiyarsa ya jingina salular Kyauta da ita. Ya naɗe ƙafa. Kyauta ta bar wanke-wanke ta zo ta zauna a bayansa. Tun da gwiwa ta kwantar da shi ba ta ga ya natsu haka ba.

Titin siriri ne, a share tas, rana ta yi masa ja ta gefe guda. Mutane na wucewa. Wani saurayi da wayoyi a kunne. Mace da ɗan kare sanye da riga. Mai babur da akwati a baya. 'Yan mata biyu na dariya a kan abin da ke cikin salularsu. Wani mutum ya fito daga ƙofar gilashin, ya kauce wa Lailatu kamar yadda ake kauce wa turmi, ya wuce. Takalmansu masu kyau ne, tafiyarsu ta masu sanin inda za su. Ba wanda ya harare ta, ba wanda ya ce ta tashi, kuma ba wanda ya rage tafiya. Rezon salula ya ɗauke, hoton ya daskare a kan ƙafar wani da ke sama ba ta sauka ba, ya dawo, ana ta wucewa.

Ga dalilin da yake nema, ya samu ba tare da ya hau jirgi ba. Ya jira daɗin ya zo, bai zo ba. Abin da yake gani shi ne autarsa a takure a kan dutse, hannayenta cikin mayafi, tana kallon ƙasa, kuma ya gane shekara uku ke nan tana shiga tana fita ta wannan ƙofa haka. Kyauta ta ja hanci a bayansa. Inuwar bedi ta matsa, rana ta taɓa gefen tabarma, bai gyara ba.

Ya buɗe baki zai ce ta tashi haka nan ya isa, sai wani amalanke ya shigo hoton, an lafta masa kwalaye har sun fi mai jansa tsawo. Wata tsohuwa ce 'yar firit, bayanta ya ranƙwafa, da hular rana a kanta. Ta wuce Lailatu kaɗan, ta tsaya, ta saki amalanken, ta dawo tana magana da ƙarfi tana nuna dutsen da yatsa. Lailatu ta miƙe da sauri ta sunkuyar da kai.

"Mi take cewa? Korar ki take?" in ji Mijinyawa.

Tsohuwar ta zaro kwali daga cikin kayanta, ta ninke shi biyu, ta buga shi a kan matakalar, ta danna kafaɗar Lailatu har ta zauna a kai. Ba ta daina magana ba.

"Faɗa take, Baba." Lailatu na tsakanin kuka da dariya. "Ta ce ɗiya mace ba ta zama kan dutse mai sanyi, ciwo zai kama ni. Ta ce ai ni ce mai fita da sassafe ba rigar kirki, bara ta ji ni ina tari har mako biyu. Ta ce wai ba ni da uwa ne?"

"Ki ce mata kina da ita!" Kyauta ta turo kai gaban salular. "Kuma kullum sai na hwaɗa miki, kunnen ƙashi gare ki!"

Mijinyawa ya janye matarsa gefe. "Auta, kin san ta?"

"Ina ganinta, Baba. Tun zuwana."

"Kin taɓa gaishe ta?"

"Nan ba a..." Ba ta ƙarasa ba.

"Juya salular in gan ta."

Ya gyara hula, ya kakkaɓe gaban riga. Da fuskar tsohuwar ta cika gilashin, har ido ɗaya kawai ake gani, sai ya fara gaisuwa kamar yadda ake yi wa babba. Sannu, Iya. Ina gajiya. Ina aiki. Ina mutan gida. Ina sanyi. Mun ga abin arziki, Allah Ya saka. Lailatu na ta ƙoƙarin fassarawa, ya riga ya yi mata nisa. Tsohuwar ta ja baya ta dube shi da kyau, ta yi dariya, ta sunkuya sau biyu, ta faɗi wani abu gajere, ta kama hannayen amalankenta.

"Ta ce ta gode, amma aiki na jiranta. Ta ce bakinka da tsawo."

"Ta gane shi," in ji Kyauta.

Amalanken ya fice daga hoton. Mijinyawa ya daɗe yana kallon kwalin da ke ƙarƙashin ɗiyarsa. Ya waiwaya ya dubi sabon ƙyauren ɗakinta, ya dawo da ido. Sannan ya miƙa hannu ya shafe da'irar farko, rairayin ya koma sumul.

"Auta, kina ji na? Ki nemo mini inda take kwana. Ranar farko can za mu, kafin fada, kafin akwatin igiya. Zan damƙa ki a hannunta yadda ake yi, ta san akwai masu tambayarta labarinki." Ya gyara zama a kan tabarma. "Mutanen labo kuwa, ki ce musu Babanki ya yarda."

Lailatu ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na motsi.

"Kada ki yi murna da yawa, ranar zama tana nan. Sai dai tare za mu zauna, kuma mu za mu fara gaisuwa. Wanda ya amsa ya amsa. Gidan kifayen nan ki cire shi, na ga kifi a kasuwa."

Da aka kashe salular ya tashi ya nufi turken akuya, ya tsaya, ya fasa. Bayan kwana biyu Kyauta ta tambaye shi ko ta zuba gyaɗar bana a ɗakin da aka yaɓe, tunda a bushe yake. Ya ce ta zuba, amma ta bar wajen gado.

Ran Juma'ar da ta biyo ya koma rumfar Rhissa ya zaɓi matashin fata, ja mai tuntaye, irin wanda ake ajiye wa babban baƙo. Rhissa ya tambayi na wane ne. Ya ce na wadda ta ba ɗiyarsa wurin zama. Rhissa ya ce in haka ne ya ajiye wannan, ya shiga ciki ya fito da wanda ya fi shi laushi.

Ranar tafiya gari ya waye da ƙamshin sabon hatsi. Ɗayyabu zai raka shi har Yamai. A tasha aka ɗaure akwatinsa a bisa mota, matashin na ciki tare da rigar sanyi, amma da aka miƙo hannu za a karɓi tabarmar ya matse ta a hammata ya ce wannan tare za su zauna. Kyauta ta ce ya gaida tsohuwar, kuma ya gaya mata yarinyar ba ta jin magana tun tana ƙarama. Rhissa ya bi gefen motar yana tuna masa dogon ɗan ƙanwarsa.

Motar ta fita gari ta kama hanyar Maraɗi. Gonaki na wucewa, an girbe su, karan gero a tsaye cikin hasken safiya. Ƙafarsa mai ciwon na buga ƙasan mota ba ta tsaya ba. Lailatu ta riga ta gaya masa ba za a bar shi ya shiga ƙasar da cuku ba, don haka suna wuce Kornaka ya kwance ƙunshin Rhissa, ya gutsura, ya miƙa wa na kusa da shi, ya miƙa wa Ɗayyabu. Yana tauna yana maimaita gaisuwar Koriyar da autarsa ta koya masa, a hankali, yana ɗan sunkuyar da kai ga bayan kujerar da ke gabansa.